Layi na Huɗu

Shekara ashirin da biyu Malam Mainasara ya yi yana ɗauko wa gidan rediyo muryoyin karkara, daga kasuwar Bebeji har bakin dajin Falgore. Duk tsawon lokacin nan da wata ƙaramar rikoda mai makirufo ɗaya yake aiki, wadda ke haɗiye komai a dunƙule. In jaki ya yi kuka ana tsakiyar hira, to jakin ya shiga shiri ke nan. Sai bana aka kawo wa sashensu sabuwar na'ura mai layi huɗu, kowane makirufo da layinsa, kowane sauti a ware. Kwana uku yana jujjuya ta a ofis kafin ya yarda ya fita da ita.

Ya san inda zai fara. A wata ruga kusa da Falgore akwai wani dattijon makiyayi, Dikko, gwanin busa sarewa. Sau biyu Mainasara yana ɗaukarsa a baya, duka biyun kukan shanu ya danne busar. Ya tafi tare da Juwairiyya, mai gabatar da shirin, wadda kusan rabin aikinta a hannunsa ta koya.

Da hantsi suka isa. Damina ta yi tsaka, daji ya yi kore shar. Bayan an gaisa an sha nono, Mainasara ya baje kaya. Makirufo ɗaya na hira da Dikko, ɗaya na sarewa, ɗaya wajen garke. Na huɗun ya ɗaure shi a reshen ɗorawa ya fuskantar da shi daji, saboda tsuntsaye. Ya sa abin sauraro a kunne, ya fara bin layukan ɗaya bayan ɗaya. Na farko tas. Na biyu da na uku ma haka. Da ya zo na huɗu sai ya ji shiru, in ban da wata kurciya can nesa. Amma fitilar layin sai tsalle take yi, alamar sauti na shiga.

Ya canja waya. Ya canja batir. Ya kwance makirufon ya ɗaura wani. Shiru dai.

"An haɗa mu da mai matsala," in ji shi, ransa a ɓace. "Sabuwa fil, amma layi ɗaya matacce."

"Malam, mu ji," in ji Juwairiyya. Tana sa abin a kunne ta washe baki. "Kai! Ai dajin ne gaba ɗaya a nan. Ga gyare, ga ƙananan tsuntsayen nan masu siririyar murya, kamar a kaina suke..."

Sai ta ga yadda yake kallonta, ta cire abin daga kunnenta.

Ya karɓa ya mayar kunnensa, ya murɗa ƙarar har ƙarshe. Daga inda take tsaye Juwairiyya tana jin kukan tsuntsayen na tsiyayowa daga abin da ke kansa. Shi kuwa kurciyar nan kawai yake ji.

Dikko bai san abin da ake ciki ba. Ya gyara zama ya fara busa. Mainasara ya bi ta tiryan-tiryan har inda ta haura sama ta sirance, sai ta ɓace masa. Ga yatsun tsohon suna motsi, ga kumatunsa a cike da iska, amma babu komai. Da busar ta sauko sai ta dawo.

"Wannan karon ta fito kuwa?" Dikko ya tambaya da ya gama.

Mainasara ya waiwayi Juwairiyya.

"Ta fito, Baffa," ta ce. "Ta fito sosai."

Suka shiga mota suka kamo hanyar gida ta Tudun Wada. Mainasara yana ta tuna yadda mai ɗakinsa ke ƙorafin ƙarar rediyonsa, da ranar da masu tace shiri suka ce akwai wani fito a cikin aikinsa, ya rantse musu babu.

Likitar da ya gani a Kano ta gwada shi kunne bayan kunne, sannan ta ce jijiyar ji ce ta gaji, saboda shekarun da ya yi da ƙara a kunne. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Na'urar taimaka wa ji za ta amfane shi wajen hira da mutane, amma irin aikinsa ba ta yi masa alkawari ba.

"To yanzu me zan yi ya tsaya haka?"

"Ka rage ƙara, Baba. Sauran kuma sai addu'a."

Bai faɗa wa kowa a ofis ba, ita ma Juwairiyya ba ta faɗa ba. Da sati ya zagayo suka je Tiga ɗaukar masunta. Shi ya zaɓi wuri, shi ya kafa makirufo huɗun, don har yanzu babu wanda ya fi shi sanin inda ake kafa su. Da ya gama ya ɗan tsaya riƙe da abin sauraron, sannan ya miƙa mata.

"Malam, akwai iska a na biyu," ta ce. "A ɗan juya shi."

Ya je ya juya shi kaɗan.

"Haka?"

"Ƙara kaɗan."

Ya ƙara, ya tsaya a bakin ruwan yana jiran ta ɗaga masa hannu.