Soket Ɗaya a Shagon Baffa Usaini

Shagon ƙungiyar manoma na ƙauyensu Aina'u, can gefen Tsanyawa, soket ɗaya gare shi, kuma a kan soket ɗin nan ta kusa rasa aikinta.

Aina'u mai rubuta manhaja ce a wani ƙaramin kamfani a Kano. Kamfanin ya karɓi aikin raba layin injin casa tsakanin ƙauyuka, don kowane manomi ya san ranar da injin zai zo masa ba sai an yi ta cacar baki ba. Sassa-sassa aka gina manhajar. Wani sashe yana ƙauye yana karɓar sunayen manoma, wani yana Kano yana raba ranaku, wani kuma yana gaya wa direba inda zai nufa. Abin da ya rage shi ne tsarin da zai sa sassan su riƙa kiran juna daga nesa kamar a ɗaki ɗaya suke. Shugabanta, Injiniya Kamaruddeen, ya samo wani na kyauta, irin wanda masu shi suka bar cikinsa a buɗe don kowa ya duba ya gyara. Ya ce ta gwada shi ta ce ya yi. A lura, bai ce ta gwada ta ga ko ya yi ba.

A ofis kam ya yi har da ƙari. To, me zai hana shi, ga janareto ga sanyi? Aina'u ta ce ita sai ta gan shi a gida. Ta hau motar haya da wata 'yar kwamfuta da ba ta fi kwanon sha girma ba, mai ɗauke da sashen ƙauye, ta jona ta a shagon da baffanta Usaini yake tsaro, inda sola ke ba da wuta.

Abu ya tafi daidai har ranar da layi ya zo kan Malam Hashimu, mai gonar bayan masallaci. An kwaso geronsa an jibge a masussuka, an dafa wa masu aiki abinci, injin kuwa ya yi tafiyarsa wani ƙauye. Ga hadarin ƙarshen damina yana haɗuwa. Dattijon ya bi gida-gida neman aron tamfol. Da ya haɗu da Aina'u gaisuwa kawai ya yi mata, har da sa albarka, kuma wannan ya fi zagi yi mata ciwo.

Ta buɗe cikin tsarin ta bi shi a hankali har ta gano halinsa. Dole kowane sashe ya riƙa sanar da cewa yana nan. In ya ɗan yi shiru, sai a ɗauka ya mutu, a share shi, a ba na gaba ranarsa. Dalilin shirun kuwa da idonta ta gani. Tana zaune a shagon Liman ya shigo da wayarsa a mace, Baffa Usaini ya zare kwamfutar ya sa masa caji, ko kallonta bai yi ba. Da Liman ya fita ta tambaye shi dalili.

"Liman ne fa, Aina'u. Ce masa zan yi ya jira akwati?"

Ta sayo abin ƙarin soket mai baki da yawa. Kafin la'asar wayoyi sun cika shi, kuma da wani dattijo ya zo, kwamfutar dai aka sake zarewa, don ita kaɗai ce ba ta da mai jin haushi.

Ta kira Injiniya ta yi masa bayani. Ta ce tsarin yana da kyau amma bai yi ba tukuna, sai an koya masa cewa ba kowane shiru ne mutuwa ba, ya riƙe wa ƙauye ranarsa har ya dawo. Tunda cikinsa a buɗe yake za ta iya gyarawa, ta kuma aika wa masu shi gyaran, lokaci kawai take so. Ya yi dariya, ya ce wannan matsalar mutanenta ce ba ta manhaja ba, a ja wa tsohon kunne. Lokacin miƙa aiki ya matso, in ba za ta ce ya yi ba akwai mai cewa, ita kuma ba sai ta wahalar da kanta da dawowa ofis ba.

Ta tsorata, don tana son aikin nan, ta kuma sha wuya kafin ta same shi. Amma haushi ya fi tsoron yawa.

"Yallaɓai, ba zan ce ya yi ba. Na manhaja aka ba ni gwaji, ba na baffana ba."

Sai ga shi ya zo da kansa, da safiyar ranar da ake shirin sake kai wa Malam Hashimu injin washegari. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo fura. Ya zaunar da Baffa Usaini ya yi masa dogon jawabi a kan muhimmancin akwatin, da cewa ko wane ne ya zo kada a taɓa shi. Baffa yana ta "to, to", irin wadda ake yi wa baƙo. Malam Hashimu yana kan benci a bakin ƙofa yana sauraro.

Da ya gama, Injiniya ya zaro wayarsa don ya kira ofis su tabbatar masa suna ganin ƙauyen. Ashe ta mutu a hanya. Ya juya ta, ya yi tsaki, ya tambayi Baffa ko akwai inda zai ɗan sa caji, ya koma yana yi wa Malam Hashimu alƙawarin gobe ba fashi.

Baffa ya dubi soket, duk bakunan a cike da wayoyin mutane. Ya dubi Aina'u. Ita kuwa ta harɗe hannu ta kau da kai. Ya miƙa hannu ya zare, 'yar koriyar fitilar kwamfutar ta mutu. Injiniya ya ce ya gode.

Aina'u ta bar shi ya sha furarsa sosai, sannan ta yi magana.

"Yallaɓai, yanzu haka Kano ta share ƙauyenmu. Ga Malam Hashimu nan, kai za ka gaya masa ko ni?"

Injiniya ya waiga ya ga fitilar a mace, ya ga wayarsa a gurbinta. Ya yi zumbur zai cire, Baffa Usaini ya tare masa hannu cikin ladabi.

"A'a, Injiniya, bar ta ta cika. Kai baƙo ne."

Aina'u ta jawo jakarta, ta fito da tata kwamfutar ta aiki ta ɗora a cinya, ta buɗe daidai wurin da tsarin yake share mutane, ta fara gyara. Ba ta tambayi kowa ko har yanzu tana da aiki ba.