Maɓallin Gogewa

Shekara tara na yi ina buga tafireta a wani ofis kafin in koma koyarwa, kuma abin da na fito da shi daga wancan aiki bai wuce ciwon wuya da kaifin kunne ba. Wuyan har yau yana damuna. Kunnen kuwa bai yi mini rana ba sai bara, da aka kawo wa ajina kwamfutocin cinya guda talatin da biyu.

Tun ranar farko na gane na shiga uku. Yara suna fuskantata, kowa ya ɗaga murfi, ni kuma ba na ganin komai sai bayan kwamfuta da goshin mai ita. Kowa ya yi fuskar mutumin kirki. In na taso zan zagaya, kafin in kai layi na biyu an gama rufe duk abin da ake ɓoyewa. Shugaban makaranta ya kafa doka: wanda aka kama yana wasa sau uku, kwamfutarsa ta koma sito, ya ƙarasa zangon da biro da takarda. Doka ta yi kyau, sai dai bai faɗi yadda za a kama su ba.

Sai na daina zagayawa. Nakan zauna a kujerata in rufe ido, in karkata kai. Mai rubutun gaskiya yatsunsa yawo suke yi, ya buga, ya tsaya tunani, ya daki dogon maɓallin nan na ƙasa da babban yatsa. Mai wasa kuwa maɓalli ɗaya ko biyu yake gallaza wa, ƙas-ƙas-ƙas, ko numfashi ba ya yi.

"Direba," in ce, ido a rufe, "faka motar nan."

Direba wani dogon yaro ne a layin baya, gem ɗin tseren mota ya jawo masa sunan. Shi ya fara baza labarin cewa na ɓoye kyamara a aji, har na tarar da su uku sun sauke agogon bango suna bincike. Ban ƙaryata ba, daɗi ma na ji. Maigidana kansa ya daina latsa waya kusa da ni, wai kada in ji da wa yake hira.

Akwai takarda a gefen allo, duk wanda na kama in ɗiga masa jan biro gaban sunansa. Abin da ya ba ni mamaki, cikin masu ɗigo biyu har da wata 'yar ƙaramar yarinya da ke zama bakin taga, gaban Direba, wadda 'yan aji ke kira Shiru-shiru. Babu mai son kwamfutar nan kamarta. Da hankicinta take goge ta safe da rana, ta rungume ta hannu bibbiyu zuwa wurin caji. Amma sau biyu ina jin ƙas-ƙas-ƙas daga wajenta, sau biyu ina tambaya, tana sunkuyar da kai. Ban ko tashi na duba ba, don kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba. Saura mata ɗigo ɗaya.

Ranar wata Alhamis na ba su aiki: kowa ya siffanta mutumin da yake gani kullum. Aji ya ɗauki ƙarar maɓallai kamar ana tsintar shinkafa a faranti. Can wajen minti ashirin sai ga shi daga bakin taga, maɓalli ɗaya, ba tsayawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ita ce ba na so in raba da abin nan.

"Shiru-shiru, ɗaga hannuwanki sama, kada ki taɓa komai."

Na taka har wurinta don in ɗauke kwamfutar. Ba gem, ba hoto. Farin shafi ne, sai sunanta da kwanan wata a sama. Hawaye ya cika mata ido.

"Malama," in ji Direba daga baya, "wallahi ba gem take yi ba. Da tana yi ai da na sani. Gogewa take yi. Kullum sai ta cika shafi, sai ta bi shi harafi-harafi ta cinye."

A tafiretar da na koya babu maɓallin da ke cinye rubutu. In ka yi kuskure, sai farin ruwan gyara ko sabuwar takarda. Kunnena bai san wannan ƙara ba, sai ya kai ta inda ya sani. Na ji kunya irin wadda na daɗe ban ji ba.

"Me ya sa kike gogewa, 'yata?"

"Ba ya yin kyau, Malama." Da ƙyar na ji ta. "Na yau kuma, in kin karanta za ki yi fushi."

"Ana iya dawo da shi," in ji Direba, har ya miƙe.

Na dube ta. Ta gyaɗa kai. Direba ya danne maɓalli biyu, ya yi ta latsawa da saurin nan nasa na tsere, rubutu yana dawowa layi-layi har shafi ya cika. Na karanta a zuci, dariya ta ƙwace mini. Na roƙe ta in karanta wa aji, ta rufe fuska da hankici ta ce to.

"Malamarmu tana rufe ido ta karkata kai kamar kaza ta ji motsi a rumbu. Baƙo zai ce barci take yi. Direba ma ya ɗauka haka, sau biyu."

Aji ya tarwatse da dariya, Direba har da buga tebur. Ta siffanta tabarona mai igiya, da yadda nake murza wuya in na gaji, ba ta bar komai ba. Layin ƙarshe ne ban karanta musu ba. Ta rubuta: "Masu laifi kawai take kira. Ina so wata rana ta ji nawa rubutun ta kira sunana."

Na je gefen allo na soke ɗigo biyun nan a gaban kowa.

"Kunnena ne ya yi kuskure, ba ke ba. Ki yafe mini."

Sannan na ciro salatif daga aljihun tebur, na yanki ƙarami na liƙa a kan maɓallin gogewarta. Na ce in ta ji shi a ƙarƙashin yatsa ta tuna gyara aikina ne, da shi nake cin abinci. Direba ya tambaya ko shi ma za a soke masa ɗigo ɗaya saboda taimako. Na ce ya zauna.

Ranar Litinin na ba su aiki, na zauna, na rufe ido. Daga bakin taga na ji yatsu suna yawo, su tsaya, su ci gaba. Sau ɗaya ta taɓa salatif ɗin, ta yi jim, ta wuce.

"Shiru-shiru," na ce, ban buɗe ido ba.

Yatsunta suka tsaya.

"Na ji ki. Ci gaba."