Iskar da Hedimasta Ya Roƙa

Tun da aka buɗe cikin Hedimasta aka ɗinke, tambaya ɗaya ake masa a asibitin nan, kuma da ƙarfi ake yin ta.

"Baba, ka yi tusa?"

Nas ce, sa'ar autarsa, tsaye a kansa tana taunar cingam. Hedimasta ya juya fuska bango. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zane ɗalibai a kan wannan laifi, wanda ko a gidansa ba a kiran abin da sunansa, yau shi ake tuhuma don bai aikata ba.

Likita bai yi kwana-kwana ba. Hanji ya yi barci bayan aiki, iska ce shaidar ya farka. Ba ci ba sha sai ta fita. "In na zagayo da yamma na tarar shiru, ɗakin tiyata za mu koma mu sake buɗewa."

Ciki ya kumbura tim kamar ganga. Uwargida ta ajiye naɗin tishu a kan lokar gefen gado, wai kyautata zato. Na gadon kusa, wani direban tirela mai karyayyiyar ƙafa, shi kuwa sakinta yake a banza, ba dalili ba sanarwa.

"Da ana aro, Malam, wallahi da na ba ka biyu," in ji shi.

Hedimasta fa ya iya addu'a. Ya roƙi ƙarin girma, ya roƙi fili a bakin titi, ya roƙi Allah Ya yi masa maganin sufeton makarantu, duk da Larabci mai ƙalƙala. Amma wannan? Da wane baki? Ya ɗaga hannu, ya sauke. A ganinsa akwai buƙatun da mai ilimi ba ya kai wa Ubangiji.

Da la'asar sakaliya sai ga surukai, mahaifin mijin 'yarsa da ƙannensa, riguna sun sha guga, turare na tashi.

"Ɓoye takardar nan!" Hedimasta ya ce wa Uwargida ta gefen baki. Ta cusa tishun ƙarƙashin matashinsa.

Aka shiga gaisuwa. Ya jiki, ya ƙarfin jiki, ya aka ji da jinya. Babban suruki ya gyara zama ya buɗe hannu, ya kama addu'a irin wadda ba a san ranar saukarta ba.

A nan iskar ta zo.

Hedimasta ya ji wani ƙululu ya taso daga hagu, ya zagaya, ya gangara. Kafin ya yi tunani jiki ya riga ya matse, sabo turken wawa. Gumi ya keto masa, ido ya firfito.

Uwargida ta san fuskar nan tun suna amarci. Ta sunkuyo.

"Malam, sake ta."

"Ke! Gaban surukai?"

"Surukan za a yanka?"

Daga baranda aka ji kukan tayar gadon da ake tura mutane tiyata, ƙiii, ƙiii, yana matsowa. Ita kuma baƙuwar, da ta ga ba a yi mata maraba ba, ta fara komawa inda ta fito. Hedimasta ya ji tana janyewa a hankali. Larabci ya gudu, ƙalƙala ta bi shi. Ya rintse ido, ya yi magana kamar yaron da aka kama.

"Ya Allah, na tuba. Dawo min da ita. Ita kaɗai."

Ta dawo. Ta fito da doguwar murya, ta ɗan tsaya kamar ta gama, ta ɗora da wata siririya. Addu'ar suruki ta katse a tsakiya. Ƙaramin cikinsu ya ɗaga hannun riga yana duba ɗinki kusa da hancinsa.

Direba ya buga ƙarfen gado. "Sista! Zo ki shaida! Hedimasta ya ci jarrabawa!"

Uwargida na alhamdulillahi tana share hawaye. Shi kansa gogan hawayen yake, yana shafa cikin da ya fara saki, yana jin wata godiya da bai taɓa yi ba ko ranar da aka ba shi kujera.

Babban suruki ga hannu har yanzu a buɗe. Ya yi gyaran murya.

"To... Allah Ya ƙaro irinta."

"Amin," in ji Hedimasta, har cikin zuciyarsa.

Nan take aka amsa.