Bokitin Ƙofar Baba Shekari

A gidanmu na haya a Romi, duk wanda ya riga kowa zuwa rijiya da safe ba ya kai bokitin farko ɗakinsa. Yana ajiye shi a ƙofar ɗakin ƙarshe, na kusa da bishiyar gwaiba, sannan ya ɗebi nasa. Haka na tarar lokacin da na zo zama wurin gwaggona, Mama Edith. Ba ta yi mini bayani ba, ni ma ban tambaya ba. A lokacin ɗakin a kulle yake, babu kowa a ciki. Idan rana ta ɗaga, wata cikin matan gidan ta ɗauki ruwan ta zuba wa gwaibar.

Daga baya mai gida ya ba Oga Callistus ɗakin. Makanike ne a Kakuri, matarsa Anti Nkiruka kuma tela ce. Wata rana ta gan ni a tsaye ina kallon yadda take taka keken ɗinki.

"Hadassah, kallo kawai za ki yi ko koyo?"

Na ce koyo. Tun da na bar makaranta babu wanda ya taɓa cewa zai koya mini sana'a sai ita. Kullum da yamma ina zuwa, har na fara iya miƙe ɗinki ba tare da ya karkace ba.

Mama Edith tana sayar da kunu a unguwar Television, tun asuba take buƙatar ruwa, don haka ni ce nake riga kowa zuwa rijiya. Ni ce kuma nake ajiye bokitin.

Wata Asabar na je koyo, sai na tarar an cire kan keken an naɗe shi cikin zani. Kaya duk an ɗaure.

"Tashi za mu yi," in ji Anti Nkiruka. "Callistus ya samo ɗaki a Gonin Gora."

Gonin Gora ta yi mini nisa, Mama Edith ba za ta bar ni in riƙa zuwa ba. Na tambaye ta abin da ya faru. Ta rage murya.

"Tun da muka shigo gidan nan, kullum sai na tarar da ruwa a ƙofata. Ban san mai ajiyewa ba. Na zubar, washegari ya dawo. Na barbaɗa gishiri, ya dawo. Ina da ciki, Hadassah. Ba zan zauna a yi mini asiri ba."

Na fita da gudu na gaya wa Mama Edith. Ta taho da ludayi a hannu, tana kiran mutanen gida tun daga ƙofarta.

"Nkiruka! Wannan ai ruwan Baba Shekari ne!"

"Wane ne Baba Shekari?" in ji Oga Callistus.

Mama Edith ta ce tsoho ne da ya yi aikin masaƙa a Kakuri, shi ya fara zama a ɗakin. Wata shekara ya faɗi daga kan babur ya karye a ƙugu. Rijiyarmu kuwa gugan farko ne yake fitowa garau, bayan haka sai ruwan ya fara laka. Sai matan gidan suka riƙa kai masa na farko. Ya warke, ba a daina ba. 'Ya'yansa suka mai da shi ƙauye, har ya rasu a can, ba a daina ba.

Benson, direban da ke ɗakin tsakiya, ya riƙe baki. "Ni fa na ɗauka dokar mai gida ce."

"Wace doka?" in ji matarsa. "Don kada rijiya ta ƙafe ake yi."

"Wa ya gaya miki?" Mama Edith ta tambaye ta.

"Kowa ya sani, Mama."

"Ni da aka fara abin a gabana ban sani ba, sai ke da kika zo jiya?"

Oga Callistus ya ce tunda tsohon ba ya nan, a daina kawai, kowa ya huta. Nan gida ya kaure da surutu. Matar Benson ta ce duk rijiyoyin layinmu suna ƙafewa da bazara ban da tamu, ita ba za ta yarda a taɓa abin ba. Benson ya ce tamu ta fi zurfi ne. Ta ce masa ya shiga ya auno.

Anti Nkiruka ba ta yi dariya ba. "Ni abu ɗaya nake son sani. Wa yake ajiyewa?"

Kowa ya juyo yana kallona.

"Ni ce, Anti."

"Ke? Kullum kina zaune a gefena, kina kallo ina zubar da ruwan a kwata, ba ki ce komai ba?"

"Na ɗauka ba kya son ruwan rijiya ne."

Sai ta zauna a kan ɗaurin kaya, ta dafe ciki, ta yi ta dariya har da hawaye.

"Ruwa mai kyau har ƙofa, ina zubarwa, ina tsare 'yan garuwa a titi!"

Oga Callistus ya ce ya riga ya yi magana da mai motar kwasar kaya.

"Kira shi ka ce ya yi zamansa," in ji ta. Ta juya wurin mutanen gida. "Ku ci gaba da ajiyewa. Amma duk wanda ya kawo, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ina kwana, in san mutum ne."

Matar Benson ta ce Baba Shekari ba a ƙwanƙwasa masa. Mama Edith ta ce yanzu za a fara.

Anti Nkiruka ta nuna mini zanin da ke ƙasa. "Kwance keken nan, bebiya. Akwai siket ɗin da za ki kalmashe wa baki kafin duhu."

Na kwance, muka ɗora kan keken a mazauninsa, na zauna na sa zare.