Gidajen Can Sama

Da aka raba kayan Baba, zanen da ke rataye a ɗakinsa ya faɗa hannun Yaya, ni kuwa na tashi da agogon bango da ya daina aiki. Zanen wani ƙauye ne a jikin dutse, gidaje sun hau kan juna har sama. Shekara arba'in ina wuce shi ban ɗaga kai ba. Sai da aka ce ran Juma'a za ta tafi da shi garin mijinta, sannan na ji ba zan iya rabuwa da shi ba.

Na sayi fenti da buroshi, na ce kwana biyar sun ishe ni in kwafa. Ai awon filaye ne aikina, gida ba baƙona ba ne.

Na ƙirga gidajen, talatin da ɗaya. Kowanne na yi shi daidai da ɗan'uwansa, ƙofa ɗaya, taga biyu, don a wurin aiki ban taɓa tauye wa kowa ko taku ɗaya ba. Matata ta leƙo, ta ce, "Maigida, kantar magani ce?"

Na kwashi zanen Baba da nawa na kai wa tsohon da ke rubuta allunan shaguna a bakin titinmu.

"Malam, adalcinka ne ya kashe dutsen," in ji shi. "Dubi gidajen can sama a zanen mahaifinka. Ina ƙofarsu?"

Na matsa har hancina ya kusa taɓa gilashin. Babu ƙofa, babu ma bango, ɗigon fari ne kawai da ɗan shuɗi-shuɗi. Na ja baya taku uku, sai ga gida ya fito.

"To mutanen ta ina suke shiga?"

"Sammaci za ka kai musu? Na nesa rage masa ake yi. In ka ba shi haƙƙinsa duka, saukowa zai yi ya zauna maka a ka."

Kwana biyu na yi ina shafe ƙofofi, ina jin kaina kamar mai cin amana. Dutsen ya ɗan ja baya, amma da saura.

Ran Juma'a Yaya ta zo, ta daɗe tana kallon su biyun.

"Auta, wannan naka ko akuya ba za ta hau shi ba," ta ce. Ta miƙo mini na Baba. "Riƙe shi har ka iya. Amma in na dawo na tarar kana jan ƙafa da gangan, zan gane."

Gaskiya tunanin ya riga ya zo mini.