Zaitun ɗin Baba Arzika

"Mumuni, wa ya shahwa ma bangon nan rawaya?"

Bangon jar ƙasa ne, kamar kullum. Mumuni ya dube shi, ya dubi Baba Arzika da ya yi tambayar, tsohon na kishingiɗe a tabarma, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Inna Zahara ce ta kira shi ta kan katanga, ya bar babur ɗinsa na kabu-kabu a ƙofa ya shigo. Tun safe mijinta ke amai.

"Ba wanda ya shahwa komi, Baba. Tashi mu tai likita."

"Kai dai kana neman fasinja. Ga maganina nan tahe."

Inna Zahara ta fito daga madafa da kofin silba, tururi na tashi. Baba Arzika ya yi bisimilla ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya sake kurɓa.

Itacen da aka dafa ganyensa na nan kusa da randa, ya kai ƙugun mutum, ganyensa dogaye, sirara, masu kauri. Bara tsohon ya sayo shi a kasuwar Lahadi, wurin wani baƙo da ya jera dashe cikin ledojin ruwa. Baƙon ya ce zaitun ne, daga Aljeriya aka sauko da shi. A duk unguwar ba wanda ya taɓa ganin zaitun a tsaye. Sunansa suka sani cikin Alƙur'ani, da mansa cikin kwalba. Baba Arzika ya kewaye shi da ƙaya, ragowar ruwan alwalarsa yake zuba masa. Bai taɓa tsinkar ganye ko ɗaya ba sai makon nan, da wani ya ce a masallaci ganyen zaitun na saukar da hawan jini.

Da la'asar tsohon ya kasa zama. Mumuni ya ɗora shi a babur, Inna Zahara ta hau baya ta riƙe shi. A asibiti likita ya daɗe da abin sauraro a ƙirjinsa, ya ce zuciyar na bugawa a hankali ƙwarai.

"Me ya sha?"

"Ganyen zaitun nika dahwa mishi," in ji ta.

"Zaitun ba ya yin haka."

Likitan ya dube ta, kallon ya ɗan yi tsawo. Mumuni ya lura.

Washegari kafin azahar Baba Arzika ya cika.

Gwaggo Raƙiya, ƙanwar mamacin, ta iso daga Bambeye bayan an dawo daga maƙabarta. Ta shimfiɗa tabarmarta nesa da ta matar wanta. Ba ta ɗaga murya, amma ko a zaure ana jin ta.

"Mutum lahiya lau, da ƙahwarshi yaz zo mini sunan jika. Ni ban ce komi ba. Hannu guda dai ka ba shi abinci cikin gidan ga."

Mumuni ya ji, ya tsani maganar, kuma maganar ta zauna masa. Ya tuna duk zuwan da ya yi bai taɓa ganin Inna Zahara ta kai kofin nan bakinta ba. Ita ma tana da hawan jini, kowa ya sani. Shekara nawa tana miƙo wa shi Mumuni tuwo ta kan katanga. Ya ji kunyar tunanin, tunanin bai tafi ba.

Kwana biyu da rasuwar ya shiga ɗebo wa masu gaisuwa ruwan alwala. A kan itacen, fure ya buɗe, ruwan hoda, karon farko. Ya tsaya da buta a hannu. Ya san furen nan. Jere yake a ƙofar wata ma'aikata inda yakan jira fasinja.

Ya saka ganye ɗaya a aljihu ya tafi. A can ya tsinki wani ya haɗa su. Tsawo ɗaya, jijiya ɗaya a tsakiya, ruwan da ke fita a gindinsu ɗaya.

"Kak ka kai hannun nan baki," in ji Aghali, maigadin wurin, yana fifita gawayin shayi.

"Mi as sunanshi?"

"Loriye ma'aikatan nan ka ce mishi. Don ado anka dasa. Can arewa raƙumin wana ya ci irinshi cikin kwari, bai kai maraice ba."

"Ba zaitun na ba?"

Aghali ya yi dariya. "Na ga zaitun a Tamanrasset. Ganyenshi ƙanana, bayansu hwari-hwari. Wa ya ce maka zaitun na?"

Mumuni ya tada babur.

A hanya ya yi ta juya abin. Baƙon da ya sayar ba wanda ya sake ganinsa. In ya yi magana, ya miƙa wa Gwaggo Raƙiya abin da take nema, kuma Inna Zahara za ta rayu da sanin abin da hannunta ya dafa. In kuwa ta sani tun farko? Ya yanke cewa zai tumɓuke itacen shiru bayan an watse, ya ce akuya ce.

Ranar sadakar uku ya shiga da tabarmin da aka aro, ya tarar da itacen a aske. Rassa kaɗan suka rage.

Inna Zahara na zaune bakin ɗakinta cikin mayafin takaba. Ya durƙusa daga nesa.

"Inna, ina rassan?"

"Na raba ma mata. Kowa ta dasa, mai ciwo ta dahwa, lada ta kai mishi." Ta gyara mayafi. "Da ranshi bai bari in kurɓa ba. Cewa yakai ƙarami na, bai isa mutum biyu ba."

A gefen ƙafarta kofin silba ne, cike, an rufe shi da faifai yana hucewa.

Mumuni ya dubi kofin. Wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, wani mafi nauyi ya hau. Gwaggo Raƙiya na tsintar shinkafa a inuwa, hannunta ya tsaya.

"Inna, kak ki sha. Ba zaitun na ba. Dahi gare shi."

Ya gaya mata duka, a gajarce, idonsa a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Sahe da maraice," ta ce. "Har da ya hwara amai na ƙara ganye, don shi ji sauƙi."

Mumuni ya ce, "Zan bi gidajen in amso. In ce musu liman ya ce a maido, ba sai an ji dalili ba."

"In ba su ji dalili ba, wata za ta ɓoye nata. Akwai masu goyo cikinsu." Ta ɗauki kofin ta tuntsurar a ƙasa. "Ka hwaɗa musu abin da ya yi ma mijina. Ka ce ni nad dahwa."

Ya bi unguwar gida gida, da ƙafa. A wani gida ya tarar tukunya ta riga ta hau murhu.

Da la'asar matan suka fara shigowa. Kowace ta yi sallama a hankali, ta ajiye reshenta a gaban Inna Zahara, ta koma gefe. Wasu sun dube ta, wasu ba su iya ba. Ita tana zaune, ba ta sunkuyar da kai ba.

Gwaggo Raƙiya ce ta tashi daga ƙarshe. Ta zo ta tsaya kan tarin rassan. Ta kwance ƙullin bakin zanenta, ta zazzage ganyayen da ta ɗaure domin ciwon gwiwarta, sun fara yaushi. Ta kakkaɓe zanen. Sannan ta zauna a bakin tabarmar Inna Zahara, ba kusa ƙwarai ba.