Shekarar da Ba a Haƙa Rami Ba

"Ba za a haƙa rami a gidanmu bana ba, Don Wilberth. Ka nemi wani gida."

Marisela Canul ta faɗi haka tana tsaye a ƙofar ofishinsa, jakar goyo a bayanta, igiyoyin sun fara cin kafaɗunta tun ba a bar garin Valladolid ba. Don Wilberth, mai kamfanin da take yi wa jagorancin baƙi, bai ko ɗago kai daga wayarsa ba.

"To, Malama mai digiri, yau kuma da wane karatu kika zo?"

"Babana bai cika shekara a ƙasa ba. Kai ma ka sani. Ka zo jana'iza, har ƙari ka nema wajen cin abinci."

"Allah ya jiƙan Don Anselmo, mutumin kirki ne. Amma hoton wa ke jikin tallata? Doña Eulogia ce, uwarki, tana ciro pib daga ƙasa, hayaƙi na tashi. Shi waɗancan suka gani suka zo." Ya nuna waje da haɓa, inda baƙi ke zaune a kan jakunkunansu suna shafa mai a wuya. "Teku akwai ko'ina. Kufai akwai ko'ina. Ramin gidanku ne babu a wajen kowa sai ni."

Lokacin cin abincin matattu ne. Kowane gida zai haƙa rami a tsakar gida, a gasa duwatsu, a binne pib, wato ƙullun masara da kaza cikin ganyen ayaba, don waɗanda suka rigaye su zo su ci ƙamshi. Gidan da mamacinsa bai shekara ba shi kaɗai ba ya hura wuta a ƙasa, domin naman mamaci bai gama barin ƙashi ba, wutar kuma shi za ta gasa.

"Ke da kika yi jami'a a Mérida," in ji Don Wilberth, "kin yarda wutar tsakar gida za ta ƙona mutumin da ke maƙabarta?"

"Ban ce na yarda ba. Cewa na yi ba za a haƙa ba. Maƙwabciyarmu za ta karɓe su da murna."

"Maƙwabciyarku ba ta cikin hoto. Wanda ya ci ladan kuturu, yarinya, dole ya yi masa aski. Ranar ƙarshe ta yawon nan ina son ganin hayaƙi a gidanku. In ban gani ba, kada ki dawo min nan."

Ta gyara zaman jakar, ta fita ta ce wa baƙin su tashi.

Aikin ba sabo ba ne a wurinta, sai dai wannan karon komai ya yi mata nauyi. Suka shiga motar haya a cunkushe, gwiwa na dukan gwiwa, har bakin teku a El Cuyo. Baƙin suka watsar da kaya suka ruga cikin ruwa kamar awakin da aka kwance, ita kuwa ta zauna gadin takalma da fasfo a ƙarƙashin rumfar kaba, yashi na shiga mata ido. Rana ta dafa su suka yi jawur. Wannan ya taka ƙaya, wancan yana son kifi amma kada ya ga kansa a faranti. Wata doguwa 'yar Holan mai suna Femke, mai kirki da yawan tambaya, ta manne mata kamar kaska.

"Marisela, gaskiya ne mamarki da hannu take ciro shi daga wuta?"

"Da tsumma."

"Kai! Na ƙosa in gani."

Marisela ta ce mata ta ƙara shan ruwa.

A kasuwar Tizimín ta yi musu ciniki, ta raba rigima tsakanin wani saurayi da mai sayar da ragar kwanciya, ta gargaɗe su game da attaruhu. Ba su ji ba. Saurayin ya lashi miyar yana cika baki, nan take hawaye ya wanke masa fuska, matan kasuwa suka yi ta shewa.

"Ke 'yar Canul, ina kika samo wannan jaririn? Ba shi nono ya sha!"

Da can da ita za a yi dariyar. Yau sai ta tsaya tana kallon tulin ganyen ayaba da kyandirori da ake ta saye, tana tuna bara, lokacin da babanta ya tsuguna bakin rami yana tsokanar baƙi wai duk wanda bai cinye rabonsa ba matattu za su bi shi har ƙasarsu. Wayarta ta yi ƙara a aljihu. Don Wilberth ne. Ta bar ta ta gaji don kanta.

A kufan Ek Balam ta hau dalar dutse a gabansu, kamar yadda ta saba. A kan waɗannan duwatsu ta rubuta kundin kammala karatunta. Ta san wane sarki aka binne a ciki, ta san abin da rubutun bangon ke cewa, ta kuma san babu mai saurare bayan jimla ta uku. Ta yi bayaninta duk da haka, daga farko har ƙarshe, ba ta tsallake ko sarki ɗaya ba, su kuwa suna ta jera fuska a gaban waya. Daga can sama daji ya shimfiɗu ko'ina, nan da can hayaƙi siriri na tashi daga ƙauyuka. An fara gasa duwatsu.

A nan ta tara su ta gaya musu. Za su ci pib, amma ba a gidansu za a gasa ba, ga kuma dalili. Wasu suka sunkuyar da kai don kunya. Saurayin attaruhu ya ce ba haka aka rubuta a talla ba. Femke ta kama hannunta, idanunta sun cika.

"Ki yi haƙuri, Marisela. Amma wannan ai ya fi ma ban sha'awa. Za mu iya ɗaukar hoton wurin da ba a haƙa ɗin ba?"

Marisela ta dube ta. Ta ce su sauka a hankali, matakalar na da santsi.

Da hantsin ranar ƙarshe suka isa ƙauyen su Marisela a kekuna masu ƙafa uku. Tun daga bakin shinge ta ji ƙarar ƙarfe a kan dutse. Ta tura ƙyaure. Doña Eulogia ce a tsakar gida, ƙaramar mace cikin farar riga, riƙe da digar mijinta, tana sara ƙasa tana haki. A gefe ga ganyen ayaba an yanko, ga itace an tara.

"Mama! Me kike yi?"

"Maigidanki ya kira ni." Tsohuwar ba ta dube ta ba. "Ya ce taurin kanki zai raba ki da aiki. Matsa, za ki sa in sare ƙafa."

"Ajiye digar nan."

"Ubanki bai taɓa son a yi asara saboda shi ba. Zai jure. Ya jure abin da ya fi wuta a wajena."

"To me ya sa kike kuka?"

"Gumi ne, marar kunya. Ke da ba ki yarda da komai ba, ke da kika dawo daga Mérida kina gyara wa limamin coci magana, yau ke ce mai tsaron al'ada?"

"Ni ban yarda ba, Mama. Ke kin yarda. Ke za ki kwana kina jin ƙaurinsa, ba Don Wilberth ba."

Ta kama ƙotar digar. Uwar ta ja, 'yar ta ja, baƙi na tsaye a bakin shinge da jakunkuna a baya, sun rasa inda za su sa ido. Femke ta ɗaga waya, sai kuma ta mayar da ita aljihu. A ƙarshe hannun tsohuwar ya saki. Marisela ta ajiye digar, ta ɗauki shebur ta mayar da ƙasar da aka tona, ta tattake da ƙafa.

"Kin huta," in ji Doña Eulogia. "Sai ki dafa mana girman kan mu ci."

Ta shige ɗaki ta ja labule.

Maƙwabta suka aiko da pib, kamar yadda ake yi wa gidan makoki, har ya yi yawa. Baƙin suka ci a inuwar bishiyar lemo, suka yaba, suka lashe yatsu. Saurayin attaruhu ya aika wa kamfani saƙon ƙorafi tun bakinsa da maiƙo. Kafin su gama wanke hannu Don Wilberth ya kira, wannan karon ta ɗauka.

"Ina hayaƙina?"

"Yana gidan maƙwabta."

"To ki nemi aiki a gidan maƙwabta, Malama mai digiri."

Duk da haka ta raka su har tasha, ta ɗora wa kowa jakarsa a mota, ta nuna wa Femke inda za ta sauka. Bayan motar ta tashi ta zauna a kan benci, ta cire takalmi, ta daɗe tana kallon ƙafafunta da suka kumbura.

Masu kamfanonin jagora a Valladolid teburi ɗaya suke shan kofi. Duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa bayan nan, labarinta ya riga ta shiga. Da kakar baƙi ta kama sosai, tana Cancún tana gyaran gado a wani babban otal, tana cire zanen da baƙi suka kwanta a kai, ba mai tambayarta sunan sarki ko ɗaya. Ƙanwarta, wadda take biya wa kuɗin karatu, ta bar makarantar koyon jinya a tsakiyar shekara, domin albashin gyaran gado ba ya ɗaukar mutum biyu. Doña Eulogia ba ta yi mata magana ba har damina ta zagayo, in 'yar ta kira sai a ce tana wanka. Marisela ba ta ba kowa haƙuri ba, ba ta kuma yi nadama ba. Ƙin haƙa rami ɗaya ya ci aikinta, ya ci karatun ƙanwarta, ya ci muryar uwarta ta wata da watanni.